Manhaja ɗaya, wayoyi barkatai: tambayoyin da masu haɗa manhaja a Kano suka fi yi

Duk inda aka zauna da matasan da ke haɗa manhajar waya a garin nan, maganar takan fara da jimla ɗaya: "Wallahi Malam, a wayata lafiya lau take aiki." Daga nan sai tambayoyi su biyo baya, kuma kusan su ne dai suke ta dawowa. Ga su nan na jera, daga masu sauƙi zuwa masu ɗan zurfi. Na sa musu lamba saboda wata amsar tana jingine da wata.

1. Wai me ake nufi da rarrabuwar wayoyi?

Ka je Farm Centre da yamma, ka tsaya gaban teburin mai gyara guda ɗaya, ka dubi wayoyin da ke jere suna jiran layi. Duk Android ake ce musu, amma suna ne kawai ya haɗa su. Wannan tana kan Android 9 ta 2018, waccan tana kan Android 14 ta 2023. Wannan RAM ɗinta, wato wurin da waya ke riƙe abin da take aiki a kai a lokacin, giga 2, ta kusa da ita giga 8. Wata fuskarta doguwa ce siririya mai huda a sama, wata gajera ce mai faɗi. Manhajar da ka rubuta sau ɗaya, a kan dukkansu za ta sauka, kuma kowa cikin masu su yana sa ran ta yi masa aiki.

Bambancin hawa-hawa ne. Akwai sigar Android, akwai kayan da ke cikin wayar, akwai rigar da kowane kamfani yake sa wa Android ɗinsa. Sai na huɗu, wanda ba a cika koyarwa a kwas ba: abin da mai wayar ya yi da ita bayan ya saya. Ya canza mata fuska da ta kwafi, ya cika ma'ajinta da bidiyon biki, ya ƙara girman rubutu saboda idonsa, ga agogonta ya koma baya tun ranar da batir ya mutu.

2. Me ya sa Android ta fi iPhone fama da wannan?

Apple shi ke ƙera wayarsa, shi ke rubuta iOS, shi ke tura sabuntawa ga kowa a rana ɗaya. Google kuwa sakin tushen Android yake yi, kowane kamfani ya ɗauka ya ɗinka ta yadda yake so. Samsung na da One UI, Xiaomi na da MIUI da ta koma HyperOS. Wayoyin da suka fi yawa a hannun mutanenmu na Transsion ne, kamfanin birnin Shenzhen na China mai Tecno da Infinix da itel, kuma ko a cikin gida ɗayan nan Tecno na da HiOS, Infinix na da XOS. Kafin sabuwar Android ta iso waya, sai mai ƙera injinta, irin su MediaTek ko Unisoc ko Qualcomm, ya yi nasa aikin, sannan kamfanin wayar ya yi nasa. Waya mai araha ribarta kaɗan ce, don haka sau da yawa da sigar da aka sayar da ita za ta tsufa. Google ya rage tsawon wannan hanya da Project Treble a 2017 da Project Mainline a 2019, amma bai kashe matsalar ba.

Kada dai ka ɗauka iPhone ta tsira gaba ɗaya, musamman a nan inda 'yar Landan ta fi sabuwa yawa. iPhone 7 ta tsaya a iOS 15, iPhone 8 da X sun tsaya a iOS 16, kuma har yanzu suna hannun mutane.

3. Daga wace sigar Android ya kamata manhajata ta fara?

Lambobi biyu ne a nan, kuma masu koyo suna yawan rikita su. minSdk ita ce mafi tsufar Android da ka yarda manhajarka ta hau, wannan zaɓinka ne. targetSdk ita ce sigar da ka ce da dokokinta ka yi aiki, wannan kuwa Google ne ke tura ka: a 31 ga Agusta 2025 Play Store ya daina karɓar sabuwar manhajar waya ko sabuntawa da ba ta kai API 35 ba, wato Android 15, kuma kowace shekara ana ɗaga lambar. Ɗaga targetSdk ba ya korar tsofaffin wayoyi, minSdk ce ke korarsu.

Ni a ganina, mai fara sabon aiki yau ya fara daga API 26, wato Android 8.0, sai fa in ya ga masu tsofaffin wayoyi da yawa a cikin mutanen da yake yi wa aikin. Dalili ɗaya yana cikin tambaya ta 4. Android Studio, manhajar kwamfuta da ake haɗa manhajojin Android da ita, yana nuna maka kason wayoyin da kowace lamba za ta ɗauka, amma lissafin duniya ne baki ɗaya. Lissafin layin 'yan atamfa a Kantin Kwari ba lallai ya zo daidai da shi ba. Ka je ka tambayi mutum ashirin cikin masu amfani da manhajar, ka buɗe saitin wayoyinsu ka duba da idonka.

4. Waɗanne sauye-sauyen siga ne suka fi karya manhaja?

Na izini ne a gaba. Tun Android 6.0 ta 2015, ba a ba manhaja izinin kyamara ko wuri a lokacin ɗora ta, sai ta nema tana cikin aiki, kuma mai waya yana iya cewa a'a. Android 8.0 ta kawo tashoshin sanarwa ta kuma takura aikin bayan fage. Android 10 ta fara hana manhaja yawo a ma'ajin waya yadda ta ga dama. Android 13 ta mayar da sanarwa ita ma sai da izini, shi ya sa manhajar da take aika sanarwa lafiya a tsohuwar waya sai ta yi gum a sabuwa (akwai ƙarin dalilai a tambaya ta 7).

Akwai kuma wanda ke ɓoye a gefen sabarka, wato kwamfutar da manhajarka ke magana da ita ta intanet. Idan takardar tsaron shafinka ta Let's Encrypt ce, wata cibiya mai bayar da irin wannan takarda, wayoyin da ke ƙasa da Android 7.1.1 ba su san tushenta ba. An daɗe ana lallaɓa su ta wata tsohuwar yarjejeniya, amma ta ƙare a Satumba 2024. Mai irin wannan waya zai ce maka "ba ta buɗewa, kuma ina da data", kai kuma ka duba sabarka ka ga komai lafiya. Wayar da kwanan watanta ya koma baya ma haka take yi, domin a wurinta takardar ba ta fara aiki ba tukuna. Kafin ka hargitsa kod, ka ce ya karanto maka kwanan watan da ke fuskar wayarsa.

5. Na tsara shafina tsaf, amma a wata wayar maɓalli ya ɓace ko rubutu ya hau kan rubutu. Ina kuskuren?

Galibi ka auna ne da fiksel, ko ka ƙayyade wa akwati tsayin da ba ya miƙewa. A Android ana auna girman abu da dp, rubutu kuma da sp, don su bi yanayin kowace fuska. Kowane shafi mai fom ka bar shi yana iya jawuwa sama da ƙasa, domin idan madannai suka taso a ƙaramar waya, rabin fuska suke cinyewa, maɓallin "Aika" ya nutse ƙarƙashinsu. Idan kuma ka kai targetSdk 35 (duba ta 3), a Android 15 shafinka zai malala har ƙarƙashin layin agogo da batir, sai kai ka bar musu gurbi.

Abin da aka fi mantawa shi ne girman rubutu. Dattawanmu da yawa sun kai shi ƙarshe, kuma daga Android 14 yana iya ninkawa har kashi 200 cikin ɗari. Ka kai na wayarka ƙarshe ka zagaya manhajarka, za ka sha mamaki. Sannan ka fita da ita tsakar rana. Rubutu ruwan toka a kan fari yana da kyau a ɗaki mai labule, amma ɗan sahu da ke tsaye a Ƙofar Nassarawa da azahar ba abin da zai gani. Maɓalli kuma kada ya gaza dp 48, kada ka manna shi a can gefe, domin fuskar kwafi a gefunan take fara daina jin yatsa.

6. Me ya sa manhajata take komawa farko da kanta a ƙananan wayoyi?

RAM ce. Idan ta yi ƙaranci, Android tana kashe duk manhajar da ba a gaba take ba, ba tare da sallama ba. Na taɓa haɗa wa wani Alhaji a Kwari manhajar rubuta bashi: yaron shago zai cika sunan mai karɓar kaya da yawan bandir, sannan ya ɗauki hoton rasit. A wayata ban taɓa ganin matsala ba. Kwana uku da fara aiki Alhaji ya kira ni, ya ce, "Malam, abin nan naka cinye mana rubutu yake yi." Na je na zauna a kan dilar shadda ina kallon yaron. Ya cika fom, ya taɓa kyamara, ya ɗauki hoto, yana dawowa sai ga fom fari fat. Buɗe kyamarar ne ya cinye RAM ɗin wayar, aka kashe manhajata a baya, ta tashi sabuwa ba ta tuna komai ba. Laifina ne, ban ajiye abin da aka rubuta ba.

Maganin shi ne ka ɗauka kowane lokaci za a iya kashe ka. Abin da mutum ya rubuta ka ajiye shi nan take, ko ta SavedStateHandle, kayan aikin Android da ke riƙe abin da ke kan shafi, ko a rumbun bayanai na cikin waya. Don ka gwada, shiga saitin masu haɗa manhaja ka kunna zaɓin da ke rushe shafi da zarar an bar shi, ka rage yawan manhajojin bayan fage. Hoto kuma ka rage shi kafin ka loda: hoton megafiksel 12 idan aka buɗe shi gaba ɗaya yana cin kusan mega 48 na RAM.

Kada rubutun kwali ya ruɗe ka. In ka ga "8GB+8GB", takwas ɗin biyu aro ne daga ma'ajin waya, ba ta da saurin ta gaske. An ce da kare ana biki a gidansu, ya ce mu gani a ƙas. Wayoyin Android Go kuwa, waɗanda aka fara fitarwa da Android 8.1, da gangan aka yi su don ƙaramar RAM, kuma umarnin isLowRamDevice a cikin kod zai gaya maka in kana kan irinsu, sai ka rage ƙyale-ƙyale.

7. Manhajata ta lokutan sallah ba ta kiran asuba a wasu wayoyin. Ko kod ɗina ne?

Wataƙila, amma ba lallai ba. Hannaye uku ne a kan wannan. Na farko Android kanta: tun 6.0 akwai Doze, wanda ke sa waya barci idan an ajiye ta, kuma asuba ita ce lokacin da waya ta fi daɗewa a ajiye. Na biyu izini: daga Android 12 ƙararrawa mai cika lokaci daidai tana da izininta na musamman, a Android 14 kuma a kashe yake zuwa ga yawancin sabbin manhajoji, ga kuma izinin sanarwa na tambaya ta 4. Na uku shi ne mai wuyar: kamfanonin waya da dama sun ƙara nasu tsarin tanadin batir a kan na Google, wanda ke kashe manhaja ya hana ta tashi. Ga kuma ɗabi'ar mutanenmu ta share duk manhajojin da ke buɗe kafin a kwanta, don caji ya kai safe. Wanda bai san yaushe za a kawo wuta ba, ba za ka ga laifinsa ba.

Abin da ke hannunka: kiran sallah ka ɗora shi a kan setAlarmClock na AlarmManager, sashen Android mai kula da ƙararrawa, ka sake saita shi duk lokacin da aka kunna waya. Aikin da ba na gaggawa ba, kamar tura bayanai saba, ka bar wa WorkManager, mai tsara aikin bayan fage. Sannan ka yi shafi guda cikin Hausa mai sauƙi, da hotuna, da ke nuna wa mutum inda zai cire manhajarka daga takurar batir a irin wayarsa. Kada ka yi masa alkawarin ɗari bisa ɗari.

8. Allurar alƙibla ba ta motsi a wayar wani, alhali GPS ɗinsa na aiki.

Wayarsa ba ta da na'urar maganaɗisu, kuma wayoyi masu araha da yawa haka suke. GPS wurin da kake yake faɗa, ba inda ka fuskanta ba. Ka tambayi SensorManager tukuna, sashen Android da ya san na'urorin da ke cikin waya. In babu, ka rubuta masa cewa alƙiblar Kano tana wajen digiri 68 daga arewa zuwa gabas, ka nuna taswira. Haka za ka fara duba NFC, mai karanta kati idan an kara shi da waya, da na'urar zanen yatsa. A manifest kuma, fayil ɗin da ke lissafa abin da manhaja ke buƙata, ka sa na'urorin nan a matsayin ba dole ba, in ba haka ba Play Store zai ɓoye manhajarka gaba ɗaya daga waɗannan wayoyi.

9. Ƙ da ɗ da ɓ suna fitowa kamar akwati, ko su bambanta da sauran haruffa. Yaya zan yi?

Haruffan suna cikin Unicode, jadawalin haruffan duniya na kwamfuta, tun da daɗewa, matsalar salon rubutun wayar ce. Wani kamfanin yana zuwa da nasa salon, wani mai wayar kuma ya sauke mai lanƙwasa don ado, kuma ba kowane salo ne ya zana haruffanmu masu ƙugiya ba. Sai wayar ta aro su daga wani salon, ka ga ƙ ta yi tsalle a tsakiyar kalma. Ka saka naka salon a cikin manhajar, irin Noto Sans, ka gwada shi da manyan Ƙ Ɗ Ɓ da alamar ₦. In za ka sa Ajami, ka tsara shafi da start da end maimakon hagu da dama, ka kuma haɗa da salon da ya san fa da ƙaf irin na Warsh, waɗanda sai a 2016 suka sami gurbinsu a Unicode.

Wajen bincike ma akwai tarko. Gboard na da madannan Hausa, amma mafi yawan mutane "kasa" za su rubuta ko suna neman "ƙasa". Ka sa bincikenka ya ɗauki k da ƙ abu ɗaya, haka d da ɗ, b da ɓ, 'y da ƴ.

10. An tura manhajata ta Xender, ta ƙi hawa ko tana buɗewa tana mutuwa. Me ya faru?

Tun Agusta 2021 sabbin manhajoji a Play Store da App Bundle ake ɗora su. Ma'anarsa Google yana yanka manhajarka gunduwa-gunduwa, ya ba kowace waya abin da ya dace da injinta da fuskarta da harshenta. Wanda ya sauke a waya mai arm64-v8a (tsarin bit 64), in ya tura wa mai armeabi-v7a (tsarin bit 32), ko dai guntun farko kaɗai ya tafi, ko kuma guntayen da suka tafi ba na wannan injin ba ne. Ƙananan wayoyi da yawa har yanzu a kan tsarin bit 32 suke.

Hana mutane tura wa juna ba zai yiwu ba, data kuɗi ce. Gara ka fitar da cikakken APK guda, wato fayil ɗin manhajar, mai ɗauke da komai, ka ajiye a shafinka, ka ce shi za a riƙa turawa. Ka tabbata sa hannun da ke kansa ɗaya ne da na Play Store, in ba haka ba sabuntawa ba za ta hau kansa ba sai an goge. Ka kuma sani sigar da ka fitar bara za ta ci gaba da yawo daga waya zuwa waya, don haka manhajar ta riƙa gaya wa sabarka lambar sigarta, sabar kuma ta iya cewa "sai ka sabunta". Wayoyin Huawei da suka fito bayan takunkumin Amurka na 2019 ba su da Play Store da hidimomin Google, to duk abin da ka jingina da Firebase Cloud Messaging, hidimar aika sanarwa ta Google, ko taswirar Google ba zai yi aiki a kansu ba.

11. In na koma Flutter ko React Native, na huta?

Ka huta da rubuta manhaja sau biyu, ɗaya ta Android ɗaya ta iPhone. Flutter kuma da yake shi ke zana komai da kansa, shafinka zai fi kama da juna a wayoyi. Amma duk abin da ke tambaya ta 4, ta 6, ta 7 da ta 8 yana nan yana jiranka, ga nauyin manhajar ya ƙaru. In kuma shafin intanet ka naɗe a WebView, mai nuna shafin intanet a cikin manhaja, ka tuna ta Play Store ake sabunta WebView, kuma wanda ya kashe sabuntawa don tsimin data, tasa ta shekarun baya ce.

12. Ba ni da kuɗin sayen wayoyi goma. Da me zan yi gwaji?

Uku sun isa a fara, kuma ba sai sababbi ba. Ta farko, wadda ta fi muhimmanci, ita ce mafi rauni: 'yar hannu mai giga 2, ko da fuskarta a tsage. Ita za ka ajiye kusa da kwamfutarka kana gwadawa kullum, ba ranar ƙarshe ba. Ta biyu matsakaiciyar Tecno ko Infinix, ta uku Samsung ko Redmi mai sabuwar Android. Emuleta, wato wayar kwaikwayo a cikin kwamfuta, tana da amfani wajen gwada sigogi da girman fuska, amma ba ta da tsarin batir na kamfani, ba ta zafi. Waya a aljihu cikin watan Afrilu, ana zafin da ya haura digiri 40, da kanta take rage gudun injinta. Firebase Test Lab da Remote Test Lab na Samsung suna ba ka wayoyin gaske ta intanet, sai dai ba lallai ka tarar da irin namu a can ba.

Akwai wata doka da masu sabon asusu ke ƙorafi a kanta, ni kuwa gani nake gaba ta kai mu. Bayan ka biya dala 25 ka buɗe asusun kanka a Play Console, inda ake ɗora manhaja zuwa Play Store, sai mutum 12 sun gwada manhajar na kwana 14 kafin a bar ka ka sake ta. Kada ka tara abokan karatunka masu waya iri ɗaya da taka. Ka sa ta Hajiya, da ta ƙaninka ɗan sakandare, da ta maƙwabcinku mai shago a Singa. In kana da sanayya da wani mai gyara a Beirut Road, ka roƙe shi ya riƙa bari kana gwadawa a wayoyin da ya sa a kasuwa, ba na mutanen da suka kawo gyara ba.

13. Bayan na saki manhaja, ta yaya zan san wace waya ce ke wahala?

Mutanenmu ba su cika rubuta ƙorafi ba, gogewa kawai suke yi. Ka sa Crashlytics, kayan aikin Google mai kawo rahoton faɗuwar manhaja, tun ranar farko, zai nuna maka sunan waya da sigar Android na duk inda manhajar ta faɗi. A Play Console kuma ka riƙa leƙa Android vitals. Google yana ɗaukar manhaja a matsayin mai matsala idan faɗuwarta ta wuce kashi 1.09 cikin ɗari na masu amfani a rana, ko daskarewarta ta wuce 0.47, ko kuma ɗayansu ya wuce kashi 8 a kan samfurin waya guda, kuma hakan na iya rage nuna ta a shagon. Daskarewar nan, wadda mutane ke cewa "tana hangin", ana ƙirga ta idan an taɓa fuska daƙiƙa 5 ba amsa, kuma ƙananan wayoyi ne ke fara nuna ta. Amma kisan da aka yi bayani a tambaya ta 6 da ta 7 ba faɗuwa ba ne, Crashlytics ba zai kawo maka shi ba. Wannan sai ka sa lambar WhatsApp a cikin manhajar, ka ce a turo maka saƙon murya.

14. Yaushe ya halatta in ce wa mutum wayarsa ce matsalar?

Idan lambobin tambaya ta 13 sun nuna masu wannan waya 'yan ƙalilan ne, kuma riƙe su yana hana ka gyara wa sauran. Play Console yana ba ka damar cire samfuri guda daga jerin wayoyin da za su ga manhajar, ko ka ɗaga minSdk. Waɗanda suka riga suka sauke za su ci gaba da tsohuwar siga, sai ka sanar da su a cikinta kafin ka rufe mata saba.

Amma ka duba su waye kafin ka yanke. In manhajar dillalan hatsi ce a Dawanau, mai tsohuwar wayar nan wataƙila shi ne mai tirela uku a bakin hanya, kuma ba zai canza waya saboda kai ba. Wani ma babbar wayar tana wurin yaronsa, shi rakani-kashi ce a aljihunsa, ga ta da caji tun shekaranjiya. Irin wannan ba APK zai kai gare shi ba, sai saƙon tes ko lambar USSD irin wadda yake tura kuɗi da ita a banki.